BA KOWANE JINI NE BASIR BA: CIWON DAJIN HANJI DA KE BIN ZURIYA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Kafanchan ranar kasuwa, ko ya hau babbar mota daga Agege ko Sabon Badun zuwa gida, ya san mai maganin basir. Tun mota ba ta cika ba zai miƙe da jakarsa, ya ce nasa yana kashe basir mai tsiro, da mai jini, da mai sa kasala, a cikin kwana uku. Jama'a su yi dariya, su miƙa kuɗi. Ba mu ce babu basir ba, akwai shi, kuma yana damun mutane da yawa. Amma akwai wata muguwar cuta da ke fakewa a bayan wannan suna har sai ta gama da mutum, watau ciwon daji na babban hanji. Wani irinsa kuma gado ne, yana bin gida daga uba zuwa ɗa, daga uwa zuwa 'ya.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata in kawo wannan magana a shafin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi shi ne, ciwon da ke bin zuriya ba a gane shi sai an haɗa labarin 'yan gida wuri ɗaya. Mu kuwa neman abinci ya warwatsa mu.

GIDA ƊAYA, MAKOKI UKU

Tun wajen 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi ta iso nan, ta rabu biyu, ɗaya ta yi Kaduna ɗaya ta yi Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Ta nan samarin Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Zangon Katab suka riƙa bi zuwa Kudu. Yau motoci ne ke kwasar mutane da buhunan citta, amma tafiyar ba ta tsaya ba. Da wuya ka sami gida a wannan yanki da ba shi da wani a Ikko ko Badun ko Fatakwal.

A wani ƙauye tsakanin Kafanchan da Kagoro na zauna da mutanen wani gida, waɗanda suka yarda in ba da labarinsu bisa sharaɗin ba zan faɗi suna ba. Maigidan tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya yi ta fama da zubar jini in ya je bayan gida, aka ce basir ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe, ya rame ya ƙanjame, ya rasu bai kai shekara hamsin ba. Bayan wasu shekaru ƙanwarsa da ke aure a Zonkwa ta kwanta da zubar jini irin na mata, ita ma ta tafi. Aka ce wannan ciwon mata ne, babu wanda ya haɗa shi da na wanta. Sa'an nan babban ɗan maigidan, wanda ke tuƙin mota a Fatakwal, cikinsa ya toshe, ya kumbura, aka yi masa aiki da gaggawa, likitoci suka ce daji ne kuma ya riga ya bazu. Bai daɗe ba aka kawo gawarsa gida. Wasu suka ce jifa ne aka yi masa saboda motar da ya saya.

A zaman makokinsa ne wata 'yar gidan, wadda take aikin nas a Jos, ta ɗauki takarda ta rubuta sunayen nan uku, da shekarunsu, da yadda kowa ya kwanta. Ta je wurin ƙanen mahaifinsu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, ni yarinya ce, amma ina da magana. Mutum uku a gida ɗaya, duk ba wanda ya tsufa. Ina jin tsoron abin a jininmu yake."

Tsohon ya ɓata rai. Ya ce, "Ke, kada ki ja mana abin faɗa a gari. In aka ji haka wa zai zo neman ƙannenki?"

Ta ce, "Baba, gara a yi maganarmu muna raye."

Da ƙyar ya yarda. Su huɗu suka je asibitin koyarwa aka duba hanjinsu. Biyu ba a ga komai ba. Biyu aka sami 'yan tsire-tsire, aka yanke su nan take, suka koma gida a ranar. Likita ya ce su riƙa dawowa a kan kari. Saura mutum ɗaya, autan maza, wanda ke sana'a a Ikko. Shi ya aiko cewa lafiyarsa ƙalau, ba wanda zai sa masa na'ura ta dubura.

MENE NE WANNAN CIWO?

Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar abinci, inda ake tsotse ruwa kafin bayan gida ya fita. Tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne. Fatar da ke cikinsa tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, tsofaffin ƙwayoyin jiki su zube, sababbi su maye. In wannan tsari ya rikice, sai ɗan tsiro ya fito a bangon hanjin, kamar ƙwayar wake ko ƙaramin naman kaza. Tsiron nan ba ya ciwo. Yana iya yin shekara goma a zaune, sa'an nan wani daga ciki ya rikiɗa ya zama daji. Wannan jinkiri shi ne sa'armu, domin in an cire tsiron tun yana ƙarami an tare ciwon a hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, sama da 900,000 kuma suka mutu. A cikin dukkan ire-iren daji shi ne na uku wajen yawa, na biyu wajen kisa. A Nijeriya ƙiyasin 2020 ya nuna sama da mutum 7,000 ne suka kamu a shekarar.

Yawancin masu kamuwa ba gadonsa suka yi ba. Tsufa, da ƙiba, da taba, da giya, da yawan cin jan nama da naman gwangwani suna ƙara haɗarinsa. Amma a cikin kowane mutum 100 masu ciwon, kamar 5 zuwa 10 sun gaji wani lahani ne daga uwa ko uba. Su ne ciwon ke kamawa da ƙuruciya, su ne kuma yake bi ɗaya bayan ɗaya a gida guda.

RUBUTUN DA MUKA GADA

A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum akwai wani dogon rubutu da masana ke kira di-en-e, mai haruffa wajen miliyan dubu 6. An ɗaure shi kundi-kundi har 46, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. A ciki akwai umarni wajen 20,000, su ne ƙwayoyin gado. Wani umarnin ya ce a yi jini, wani ya ce a yi gashi, wani ya ce wa ƙwayar hanji ta hayayyafa, wani kuma ya ce ta tsaya haka nan.

Duk lokacin da za a yi sabuwar ƙwaya sai an kwafe rubutun nan. Wanda ya taɓa kai takarda wurin mai buga tafireta a bakin kotu ya san kuskure iri uku ne. Ko ya buga harafi a maimakon wani, ko ya tsallake layi, ko idonsa ya koma baya ya buga layi ɗaya sau biyu. Haka yake faruwa a jiki. In kuskuren ya auku a ƙwan mace ko a maniyyin namiji, ɗan da aka haifa zai ɗauke shi a dukkan jikinsa, ya kuma iya miƙa wa nasa 'ya'yan.

Jama'armu sun san sikila, saboda haka bari mu gwada da ita. Sikila sai uwa da uba duka sun ba da nasu kafin yaro ya kamu. Yawancin ciwon dajin hanji na gado ba haka yake ba, ɓangare ɗaya ya isa. In uba ko uwa na ɗauke da lahanin, kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira, kuma mace da namiji duk ɗaya. Wanda bai gada ba, shi da zuriyarsa sun fita daga wannan layi.

LAYIN DA AKA BUGA SAU BIYU

Kuskure na uku, watau maimaita layi, shi ne ya fi wahalar da masana, domin in ka karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya ba za ka ga laifi ba. Kowane harafi daidai yake. Yawansu ne ya wuce ƙa'ida.

A birnin Landan akwai asibitin St Mark's, wanda ya shahara a kan ciwon hanji, kuma tun 1924 yake ajiye rajistar gidajen da tsiron hanji ke bin su. A 1997 likitocinsa suka ba da bayanin wata babbar zuriya ta Yahudawan Ashkenazi, watau waɗanda kakanninsu suka fito daga tsakiya da gabashin Turai, da 'yan cikinta ke fitar da tsiro iri-iri a hanji, da yawa kuma ya zama musu daji. An duba ƙwayoyin gadon da aka sani a lokacin, ba a ga lahani ba. Sai a 2012 masana a Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Farfesa Ian Tomlinson, suka gano bakin zaren. A kundi na 15 akwai wani yanki mai haruffa wajen 40,000 da aka kwafe sau biyu, dab da wata ƙwayar gado da ake kira GREM1.

Abin lura shi ne ita kanta ƙwayar lafiyarta lau. Abin da aka maimaita shi ne wurin da ke kunna ta. Mutanen Kafanchan za su gane wannan da sauƙi. A hanji akwai wani saƙo mai aikin mai jar tuta a tashar jirgi, shi ke ce wa ƙwayoyi su daina hayayyafa, su girma, su yi aikinsu, su zube. Aikin GREM1 shi ne ta riƙe hannun mai tutar, amma a wani ɗan lungu kaɗai, inda ake son sababbin ƙwayoyi su yi ta fitowa. Da aka ninka makunninta, sai ta shiga aiki a fatar hanji ko'ina, mai tuta ya kasa ɗaga hannu, ƙwayoyi suka yi ta tahowa ba tsayawa har suka taru suka zama tsiro. Daga baya an sami irin wannan maimaici, mai tsawo dabam, a wasu gidaje da ba Yahudawa ba, har da wani gida a ƙasar Suwidin.

Irin wannan ba shi da yawa a duniya, amma ya koya wa likitoci darasi babba. Gwajin jini da ke neman kuskuren harafi kaɗai yana iya cewa babu komai alhali kuwa akwai. Dole a haɗa da gwajin da ke ƙidaya ko wani yanki ya ɓace ko ya ninku. Tun 2002 aka fito da wata hanya ta yin wannan ƙidaya a Amsterdam ta ƙasar Holan, yanzu kuma manyan ɗakunan gwaji suna haɗa biyun. Darasi na biyu ya fi shafar mu: shekaru da yawa kafin a gano dalilin, abin da ya riƙa ceton 'yan zuriyar nan shi ne an san tarihin gidansu, ana kuma duba hanjinsu a kai a kai.

WANDA YA FI YAWA

Irin da ya fi yawa a cikin na gado shi ne wanda ake kira ciwon Lynch. Asalin gano shi ma daga maganar wata talaka ne. A 1895, a jihar Mishigan ta Amurka, wata tela ta shaida wa Likita Aldred Warthin cewa ta san daji ne zai kashe ta, domin haka ya yi wa danginta, wasu a hanji, wasu a ciki, wasu a mahaifa. Haka kuwa aka yi, dajin mahaifa ya ɗauke ta tana da sauran ƙuruciya. Likitan ya bi diddigin gidan ya buga bayaninsa a 1913. A 1966 Likita Henry Lynch ya kawo labarin wasu gidaje biyu masu irin wannan hali, daga baya aka sa wa ciwon sunansa. A 1993 da 1994 aka gano manyan ƙwayoyin gadon da ke jawo shi, MSH2 da MLH1.

Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne duba rubutu bayan an kwafe, su gyara kuskure. In sun lalace, ko ta canjin harafi, ko ɓacewar wani yanki, ko ninkuwarsa, sai kurakurai su yi ta taruwa. An ƙiyasta mutum ɗaya cikin kamar 300 yana ɗauke da wannan lahani, yawancinsu ba su sani ba. Ga mata yana jawo dajin mahaifa da na ƙwan mace, shi ya sa labarin gwaggo da inna yake da muhimmanci kamar na baba da kawu.

Akwai kuma wani iri, daga ƙwayar APC da aka gano a 1991, wanda ke sa tsiro ɗaruruwa ko dubbai su cika hanji tun mutum na saurayi. In ba a yi aiki ba, kusan duk mai shi yana kamuwa da daji a wajen shekara 40.

A nan gida ma an yi bincike. A 2013 Farfesa Isaac Alatise na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da Likita Peter Kingham na asibitin daji na Memorial Sloan Kettering a birnin New York, suka kafa wata ƙungiyar bincike mai suna ARGO. A 2021 suka buga sakamakon gwada marasa lafiyar Nijeriya da na Amurka. Suka tarar namu sun fi ƙuruciya, ciwon ya fi kama su a ƙarshen hanji kusa da dubura, kuma sun fi zuwa asibiti a makare. Daɗin daɗawa, kamar kashi 28 cikin 100 na ciwon da aka gwada na 'yan Nijeriya ya nuna alamar lalacewar masu gyaran rubutun nan. Ba duk mai wannan alama ne ya gada ba, amma duk wanda aka gan ta a jikinsa ya kamata a bincika gidansu. Mai karatu ya lura: ciwon da ke kusa da dubura, mai fitar da jini ja, shi ne ya fi kama da basir.

ME ZA A YI?

Na farko, a ƙidaya. Likitoci suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, uku da biyu da ɗaya. In mutum uku na jini ɗaya sun yi dajin hanji ko na mahaifa ko makamancinsu, abin ya shafi tsara biyu, kamar uba da ɗa, ɗaya daga cikinsu kuma bai kai shekara 50 ba, to a yi zargin gado. Ko ba a cika ukun ba, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, shawarar likitoci ita ce a fara duba shi yana shekara 40, ko kuwa shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. Gidan da aka tabbatar da ciwon Lynch ana fara wa yawancinsu tun shekara 20 zuwa 25, a maimaita bayan shekara ɗaya ko biyu. Masu tsiro ɗaruruwa kuwa tun suna shekara 10 zuwa 12.

Na biyu, a san alamu: jini a bayan gida, ja ko baƙi, canjin bayan gida, zawo ko taurin ciki, da ya ƙi wucewa har makonni, jin kamar ba a gama ba, ciwon ciki da ba ya tafiya, rama ba dalili, ƙarancin jini da kasala. Atuni da tsutsar ciki da basir duk suna iya kawo wasu daga cikin waɗannan, amma likita ne zai raba gardama.

Na uku, a daina tsoron awon. Ana kiransa kolonoskofi. Mutum zai sha maganin wanke ciki, a ba shi allurar da za ta kwantar da shi, a zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara a duba hanjin, yawanci cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. In an ga tsiro a cire shi a lokacin. A ƙasar Finlan an bi gidajen masu ciwon Lynch shekara 15, aka buga sakamakon a 2000: waɗanda ake dubawa duk bayan shekara uku, kamuwa da mutuwa sun ragu a cikinsu da fiye da rabi. A Amurka, in an kama ciwon bai fita daga hanji ba, kusan tara cikin goma suna nan da rai bayan shekara biyar.

Mazauna Ikko, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta. Mazauna Sabo a Badun ga asibitin UCH kusa da ku, ga kuma na Ile-Ife. Na gida kuwa akwai asibitin koyarwa na Jos da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Awon yana cin kuɗi, ba mu musa ba. To, amma ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke Kudu sun saba haɗa kuɗin motar kai gawa gida. In aka ware wani abu daga asusun nan don awon mai rai, an yi zumunci mafi amfani.

Game da tsoron da tsohon nan ya yi na abin faɗa, a sani wannan ciwo ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta aure, ko ta jinya. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Gidan da ya san halinsa yana kai 'ya'yansa awo ya fi gidan da ya rufe baki yana binne su.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka zo gida hutun ƙarshen shekara ko Salla, ko ka buga waya, ka tambayi tsofaffi: wane ciwo ne ya ɗauke Kaka? Gwaggo fa, tana da shekara nawa? Ka rubuta, ka aika wa na Fatakwal da na Inugu, ka nuna wa likita. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Da zan bar ƙauyen, nas ɗin nan ta rako ni har bakin hanya. Ta ce ƙanenta na Ikko yana karanta wannan shafi. Ta roƙe ni in gaya masa Baba ya sauko, shi da kansa ya ce a kira shi, kuma 'yan'uwansa sun riga sun haɗa kuɗin awon suna jiransa. Na isar da saƙo. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa a ji.